Allo ya yi baƙi bayan na saka direban NVIDIA a Ubuntu

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina harhaɗa bidiyon biki da suna a Nima, nan Accra. Kwamfutata tsarin aiki na Ubuntu 22.04 ke kanta, da katin hoto na NVIDIA GTX 1050 Ti. Na saka direba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, da umarnin sudo ubuntu-drivers autoinstall, ina sake kunnawa allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan farin layi mai ƙiftawa a kusurwa. Ctrl+Alt+F3 yana kai ni wurin rubuta umarni, amma nvidia-smi, umarnin duba katin, ya ce ya kasa magana da direban.

Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a tantance ba aiki yayin kunna kwamfuta, a kunne yake. Shi ne sanadi? In kashe shi, ko akwai wata hanya? Masu biki suna jiran bidiyonsu, abin ya dame ni ƙwarai. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka mini.