Takarda mai launi ga ɗaliban jami'a masu disleksiya (matsalar da ke wahalar da karatu da rubutu): abin da aka cimma a tattaunawarmu

1. Yawancinmu mun yarda farar takarda fat na ƙyalli, tana gajiyar da idon wasu ɗalibai har su ga layuka na rawa. Ruwan madara, shuɗi mai haske ko rawaya mai haske sun fi sauƙi. Launi mai duhu yana haɗiye baƙin rubutu.

2. Ɗalibi ne zai zaɓa. A buga masa shafi guda a kan launi uku ko huɗu, ya gwada.

3. Takarda ta yi kauri, don kada rubutun baya ya riƙa leƙowa, kuma ba mai sheƙi ba. Harafin Arial ko Verdana, girma 12 zuwa 14, tazarar layi 1.5.

4. Zane mai launi kan jirkice a kan takarda mai launi, musamman ja da kore. A duba kafin jarrabawa, a kuma nemi izinin ofishin jarrabawa da wuri.

Inda aka rabu: wasu sun ce takarda mai launi tana ƙara saurin karatu. Wasu suka ce bincike bai tabbatar da hakan ba, domin matsalar disleksiya tana wajen haɗa sauti da harafi ne. Shawararsu: gwajin ido tukuna, da ƙarin lokacin jarrabawa, da manhajar da ke karanta rubutu da murya.