Siraran itatuwan nan biyu na cin abincin Sinawa, me za mu kira su?

Jama'a, ina neman taimakon masu harshe. Siraran itatuwan nan guda biyu da Sinawa ke cin abinci da su, waɗanda Turawa ke ce wa chopsticks, mene ne sunansu da Hausa? Ba fassarar da za a rubuta a ajiye a takarda nake nema ba. Suna nake so wanda mutum zai ɗaga hannu ya faɗa wa mai kawo abinci, a gane shi nan take.

Ga abin da ya jawo tambayar. Wani abokina ne ya matsa sai mun je gidan abincin Sinawa mun ɗanɗana. Da muka tabbatar naman na halal ne, aka jere mana taliyar da ake ja da hannu cikin romon naman sa, irin wadda birnin Lanzhou ya yi suna da ita, da kaza yankakkiya ƙanana da aka soya da gyaɗa da busasshen barkono, da jiaozi, wato kwaɓin fulawa da ake naɗe nama a ciki a dafa. Akwai kuma awara cikin jar miya irin ta lardin Sichuan, mai wani ɗan yaji da ke sa leɓe ya yi zuuu kamar ba naka ba. Ita awara ba ta ba mu wahalar suna ba, don abin da suke kira doufu shi ne dai daskararriyar madarar waken suya da muka sani.

Mai kawo abincin ya nuna mana riƙon. Na ƙasa yana kwance a lungun babban yatsa, ya jingina da yatsan zobe, ba ya motsi ko kaɗan. Na sama ake riƙewa kamar biro, manuni da na tsakiya su ne ke ɗaga shi su sauke. Taliya ta ba da haɗin kai, naman kaza ma haka. Gyaɗar ce ta ƙi. Abokina ya bi ƙwaya ɗaya ya zagaye faranti da ita, da ya matse ta sai ta yi tsalle, ɗaya daga cikin itatuwan ya bi ta ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Mutumina, ce masa ya kawo wani... abin nan... sandan... tsinken... kai, ka dai gane." Na gane, amma suna uku cikin numfashi ɗaya alama ce ta babu ko ɗaya.

To, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Amsar da ta fara shigowa, kuma ta fi yawa, ita ce "sandunan cin abinci". Ban ƙi ta taku ba, ita ce za ka fi gani a rubuce, kuma sauran harsuna ma hanyar da suka bi ke nan: Larabawa na cewa idanul akli, Faransawa na cewa baguettes, duk dai 'yan sanduna. Amma ku saurari kunnenku. Sanda a Hausa abu ne mai kauri, na dogarawa ko na kora ko na duka. Abin da muke magana a kai tsawonsa wajen santimita 25 ne, kaurinsa bai kai na fensir ba. Ka ce wa yaro "ɗauko min sanduna biyu zan ci abinci", ka ga irin kallon da zai yi maka. Ga shi kuma gaɓa bakwai. Kafin ka gama faɗa, taliya ta huce.

Wani matashi ya ce, "Yaya, me ya yi zafi? A ce cofistik a huta, ai haka muka yi wa bokiti da tebur." Ƙanena, hujjarka na da ƙarfi, aro ba abin kunya ba ne. Shi kansa cokali masana harshe sun ce daga bakin Buzaye muka samo shi, yau wa zai ce ba Hausa ba ne? Sai dai idan aron za a yi, me ya sa za mu ara a hannun wanda shi ma baƙo ne a wurin? Kalmar Turancin ta bayyana a rubuce tun 1699, a labarin tafiyar wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, William Dampier, kuma ana kyautata zaton ta fito ne daga gurguwar Turancin tashoshin jiragen ruwan Sin, inda chop chop ke nufin maza-maza. Ba ta da alaƙa da chop ɗin buroka mai nufin ci, duk da cewa dacen ya yi kyau har ya ruɗi mutane da yawa.

Asalin sunan a Sinanci kuwa kuaizi ne, kuma labarinsa na da daɗi. Tsohon sunan shi ne zhu. Matsalar, furucinsa ya yi daidai da wata kalma mai ma'anar tsayawa, su kuwa masu jiragen ruwa na kudancin ƙasar ba abin da suka tsana irin a ambaci tsayawa a cikin jirgi. Sai suka juya shi suka ce kuai, wato sauri. Wani marubuci na zamanin daular Ming, Lu Rong, ya rubuta wannan tun ƙarni na 15. Camfin matuƙa ya bi gari har ya kori tsohuwar kalma daga bakin jama'a. Za mu iya cewa "kwaizi", bakinmu zai ɗauka ba wuya. Amma wanda bai taɓa ji ba, ba abin da zai faɗo masa a rai. Sai an yi masa bayani, bayanin kuma shi ne sunan da muke nema tun farko.

Masu ba'a sun kawo awartaki da hantsaki. Mun gode, Allah ya bar zumunci. Aikin ya yi kama, amma waɗannan a haɗe suke ta gindi ko ta tsakiya, kuma ba wanda zai so a tuna masa da maƙera yana tsakiyar ci.

Shawarar da ta fi tsaya min a rai ta wani malamin Hausa ce. Ya ce a ƙera suna daga aikin, yadda aka ƙera mabuɗi daga buɗe, madubi daga duba, ma'auni daga auna. Tunda abin tsintar abinci yake yi ɗaiɗai, sai a ce "matsinci", jam'i "matsintai". Allah ya gafarta Malam, ta fuskar nahawu ba inda za a soke ka, kuma tsinta ita ce ainihin abin da hannun ke yi. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutunmu ba ya nuna karin sauti. A baki, matsinci na kayan aiki da matsinci mai tsintuwa sun bambanta. A rubuce kuwa tagwaye ne. "An ba matsinci" da "an ba ni matsinci", sai mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Kalmar da aka ƙera a kan tebur kuma takan daɗe tana neman wanda zai fara furta ta ba tare da jin nauyi ba.

Saura tsinke. Siffar kam ita ce: siriri, miƙaƙƙe, mara nauyi. Na so a tsaya a nan, sai wata Hajiya ta taka min birki. Ta ce, "Ɗana, idan ka ce wa mai kawo abinci ya ba ka tsinke, na sakace zai miƙo maka, kuma bai yi laifi ba." Gaskiyarki, Hajiya. Ta ƙara da cewa tsinke a kunnenmu abin soka ne. Wannan ma babbar magana ce, don a wurin masu abin, soke abinci da shi rashin ladabi ne. Matsewa ake yi a ɗaga, shi ya sa na Sinawa bakinsa dakusasshe ne. Mafi muni shi ne a kafa su tsaye cikin kwanon shinkafa, don ya yi kama da turaren da suke kafa wa mamaci. Ba a kuma nuna mutum da su, ba a kaɗa su a jikin kwano.

Ke nan tsinke shi kaɗai bai isa ba, yana buƙatar abokin tafiya da zai ce wannan na ci ne.

Wasu suka ce "cokalin Sin" ko "cokalin 'yan Caina". Rabin farko na karɓa hannu bibbiyu, rabi na biyu ne ban yarda ba. Japanawa na ci da shi, nasu gajere ne mai tsini, suna kiransa hashi. Mutanen Koriya na ci da shi, nasu galibi na ƙarfe ne mai ɗan faɗi. Haka Biyetnam. Ranar da ka shiga gidan abincin Japanawa ka nemi cokalin Sin, ka tsokano wata rigimar.

Abin da nake ba da shawara shi ne a haɗa rabin nan mai kyau da kalmar da Hajiya ta gyara mana: cokalin tsinke. Jam'i, cokulan tsinke.

Dalilina ba nawa ba ne, hanya ce da harshen ya riga ya share. Lokacin da abin cin nan mai haƙora huɗu ya iso, ba a ƙera masa sabuwar kalma ba, ba a kuma ari ta Turawa ba. An ce cokali mai yatsu, magana ta zauna. Cokali ya zama sunan gidan, abin da ke biye ya faɗi wane ɗa ne. Duk wanda ya ji "cokalin tsinke" karo na farko ya san abu biyu: da shi ake ci, kuma siriri ne. Masu cewa ai na Koriya ƙarfe ne, wasu na roba, wasu na gora, ku tuna muna cewa tsinken allura, kuma ba daga tsintsiya aka zaro shi ba.

Wani dattijo ya ƙi sam. Ya ce cokali ɗiba yake yi, abin da ba ya ɗibar romo ba cokali ba ne. Ranka ya daɗe, mai yatsu ma ba ya ɗibar romo, ga shi mun bar masa sunan. Amma akwai gaskiya a maganarka ta wani gefen, don su kansu masu abin sun raba aikin biyu. Wasu daga cikin mafi tsufan cokulan tsinken da aka tono, na tagulla, a kufan tsohon birnin Yin da ke Anyang a ƙasar Sin, na wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, zamanin daular Shang, kuma ana ganin na girki ne, na tsamo abu daga tukunya. Sai a zamanin daular Han cokalin tsinke ya zauna sosai a wurin ci, kuma ko a lokacin, da cokali ake cin hatsi, shi kuwa na tsinken aikinsa tsamo ganye da nama daga miya. Har gobe a Koriya da cokali ake cin shinkafa. A teburin Sinawa ma za ka ga ɗan cokalin tangaran na shan romo a gefe. Idan duka biyun suna gabanka, ka ce "cokalin romo" da "cokalin tsinke", ba mai ruɗewa.

Na gwada lanƙwasa kalmar in ga ko za ta karye. Akwai na yarwa, na icce mara fenti da ake tsagawa biyu, wanda gwamnatin Sin ta ɗora wa harajin kashi 5 cikin 100 a 2006 saboda yawan itatuwan da yake ci: cokalin tsinke na yarwa. Akwai dogon da ake juya abu da shi cikin mai: na girki. Akwai wanda ake ajiyewa a kan farantin tarayya don kowa ya ɗebo da shi ba da wanda ya kai baki ba, suna ce masa gongkuai, an kuma ƙara matsa wa jama'a a kansa lokacin korona a 2020: na zubawa. Duk ta ɗauka.

Batun ƙirga ya rage, wata 'yar'uwa ce ta tayar da shi: ɗaya ne ko biyu? A bi shi yadda ake bin takalmi. Cokalin tsinke ɗaya yana nufin biyun tare. Mutum huɗu a tebur, a kawo huɗu. Idan guda ya ɓace, wari ne ya ɓace, sai ka ce "warin cokalin tsinkena ya faɗi, a canza min".

Jiaozi kuma har yanzu ba shi da suna. An kawo "ƙullin nama" da "ɗan naɗe", ban gamsu da ko ɗaya ba, don wani da ganye zalla ake cusa shi, wani kuma soya gindinsa ake yi ba dafawa ba. Malam mai matsinci, wannan karon kai za ka fara.