Bangon gidana ya tsage ta waje, yaya ake gyaran da ba zai dawo ba?

Baban Hafsa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Gidana na bulo ne a Badariya, shekara 3 da gamawa. Bangon gabas ya tsattsage ta waje, yawanci sirara kamar gashi, amma akwai ɗaya da ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace. Bara mai fenti ya cike ta da POP, damina na kankama ta sake buɗewa. Magina, ku taimaka da shawara.

Magini daga Argungu:
Wa alaikumus salam, Alhaji. POP ba kayan waje ba ne, ruwa yake sha ya ruɓe. A kankare shi duka.

Ka bi bangon da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji amo kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, sai a fasa wurin har inda ta kama. Inda take daram, a buɗe tsagar da cizal, faɗi da zurfi kamar santimita 1, don kwaɓi ya sami wurin zama. A share ƙura, a jiƙa wurin sosai, a shafa ruwan siminti, kafin ya bushe a cusa kwaɓi da cokali.

Ma'auni: kwano 1 na siminti, 4 na yashi mai laushi da aka tankaɗe. Wato buhu 1 mai kilo 50 ya ci baro 2. Kada birkila ya ce zai ƙara siminti don ƙarfi. Kwaɓin da siminti ya yi wa yawa ya fi tsukewa idan ya bushe, sai ya tsage a gefen gyaran. Haka yashi mai laka. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Rashin ban ruwan nan, ga rana ga iskar hunturu, shi ke kawo siraran tsagun.

Injiniya daga Gusau:
Maganar Malam daidai ce a kan siraran. Karkatacciyar ce ta fi damuna. Duba ta cikin ɗaki: in ta ɓullo, ko faɗinta ya kai milimita 5, ba filasta ba ce, bulon ne ya motsa. Ko linta, wato kankaren da ke saman taga, ba ta hau bango sosai ba, ko harsashi ya zauna ta gefe guda. Ƙasa mai laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani.

Kafin ka kashe kuɗi, yaɓe tsagar da ɗan kwaɓi siriri wuri biyu, ka rubuta kwanan wata, ka jira wata guda ko biyu. In ya sake tsagewa, ginin bai daina motsi ba, sai injiniya ya tona ya ga harsashi. In bai tsage ba, a ɗinke: a yanka layin kwaɓi a gicciye bayan kowane sahu 2, a kwantar da rodi mai milimita 8, rabin mita kowane gefe, a cike. Sannan a buga ragar waya mai faɗin santimita 30 kafin filasta.

Magini daga Argungu:
Ƙari, Alhaji: duba inda indararo ke zuba. In gindin bangon ne, a kawar da ruwan, a zuba daɓen siminti mai gangara. Fenti kuma sai bayan mako 4, in ba haka ba ɓarewa zai yi.