Yarona ba ya barin bokiti ya huta, ko in bar shi ya koyi kiɗa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗana shekararsa 6, yana da in'ina, amma in yana rera waƙen Islamiyya ko harafi ɗaya ba ya sarƙe masa. Ga shi da kaɗe-kaɗe, bokiti da murfin tukunya duk ganga ne a wurinsa. Wani dattijo mai kalangu a nan Tudun Wada ya ce a riƙa turo masa shi. Babansa ya ce mu ba gidan makaɗa ba ne. Ni kuma na ji an ce kiɗa na gyara ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

Wani ma'aikacin lafiya daga Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Da gaskiya a ciki, amma kar a kai ta inda ba ta kai ba. Mutum in yana jin kiɗa, sassan ƙwaƙwalwa masu tsara motsi suna aiki ko da yana zaune bai motsa ba, suna hasashen lokacin da bugu na gaba zai sauka. Shi ya sa ƙafa ke fara kaɗawa ba a sa ta ba. Mai koyon kiɗa kullum kunnensa na gyara wa hannunsa lokaci, har su saba. Wani bincike a Montreal ta Kanada a 2013 ya nuna waɗanda suka fara koyo kafin shekara 7 sun fi ƙarfin haɗi tsakanin ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa. In'ina kuwa, sananne ne tana sauƙi lokacin waƙa, domin karin waƙar ya riga ya yanka wa kowace gaɓa lokacinta. Da an daina rerawa takan dawo. Ku kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a duba shi, kar ku dogara da ganga.

Wani ɗan gidan makaɗa, cikin Birni: Kalangu ba bugu kawai ba ne. Hammata na matse tsirkiya, hannu na bugu, kunne na bin amon magana. Mu sai da muka daɗe muna riƙe kiɗa ɗaya a kuntuku, wato ƙaramar gangar da ke raka kalangu, kafin a ba mu kalangun. Yaron da ya jure wannan, kunnensa ya nuna.

Wata malamar Islamiyya: 'Yar uwa, kar ki ja da maigida a kan wannan. Ki sa yaron cikin masu rera ƙasida, ki riƙa yi masa tafi yana bin gaɓoɓi. Kuma don Allah a hana yayyensa kwaikwayonsa in ya sarƙe.

Mai tambaya: Na gode. Malama, tafin kafin ya fara magana zan yi ko tare da shi?