"To err is human": kuskure ake nufi ko zunubi?

Mai Shago: Assalamu alaikum. Yaron da na bar wa shago ya cinye kuɗin sukari buhu uku. Da asiri ya tonu, sai ya turo mini saƙo a waya: "To err is human, to forgive divine." Wato ɗan Adam ajizi ne, yafiya kuwa halin Ubangiji. Abin ya tsaya mini a rai. Wanda ya ci amana da gangan, yana da rabo a wannan magana?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar ta mawaƙin Ingila ce, Alexander Pope, a waƙarsa ta 1711. Da masu sharhin rubutun mutane yake, yana ce musu su sassauta. Ka ga mai yafewa aka yi wa nasiha, ba mai laifi aka bai wa garkuwa ba. Ita kuma err daga Latin ta fito, errare, wato ɓatan hanya. Wanda ya ɓata ai bai yi niyya ba. Kuskure ke nan.

'Yar Wusasa: Malam, a nan ban yarda ba. Mu a cocin Angalika mun tashi da addu'ar tuba da ke littafin addu'a tun 1552, inda ake cewa "We have erred and strayed", wato mun bauɗe kamar ɓatattun tumaki. Kakata a durƙushe take faɗinta, wani lokaci har da hawaye. Ba kuskuren lissafi take nufi ba, zunubi take nufi.

Malamin Turanci: Gaskiyarki, Yaya, na karɓa. Da ma Turanci ya cika kallon saɓo a matsayin tafiya. Transgress ƙetare iyaka ne. Trespass daga tsohon Faransanci ta zo, wuce gona da iri ke nan. Ita William Tyndale ya sa a fassarar Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki da ya yi a 1526, a addu'ar neman gafara, alhali fassarar Sarki James ta 1611 debts ta ce, wato basussuka. Yau kuma trespass ta koma jikin katanga, a allon da ke gargaɗin kada a shiga filin wani.

Ɗalibi: Malam, na ji an ce sin kalmar maharba ce, idan kibiya ta kauce wa abin hari.

Malamin Turanci: Ba haka ba ne, ɗana. Sin daga synn take, tsohon Turanci, kuma tun can laifi take nufi. Mai ma'anar kaucewar kibiya ta Girkanci ce, hamartia. Tamu ma haka take: maharbi ya kuskure barewa.

Dattijo: Ku dai kun yi nisa. Mu mun raba su tun tuni: kuskure daban, ganganci daban. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, amma wannan magana a bakin wanda aka ɓata wa take da daraja. Alhaji, fassarar nan mai cewa bashi ta fi kama ni. Haƙƙinka ne a wuyansa, sai ya biya ko ka yafe da bakinka.

Mai Shago: Na gode, Baba. Gobe bayan La'asar zan kira shi tare da mahaifinsa, mu buɗe littafin shago a gabansu.