Bashi ya yi mini katutu: in je kotu a ayyana karayar arzikina, ko akwai wata mafita?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ana bi na bashi huɗu: rancen banki wanda yayana ya tsaya mini, mota da nake biya wata-wata, katin bashi, da wata manhajar rance da ke kira na dare da rana. Idan na biya kowa, kashi 70 cikin 100 na albashina ya tafi. Wata biyu ke nan ban biya kuɗin haya ba saboda 'yan manhajar nake lallaɓawa. Ina tunanin in mayar da motar sunan matata, sannan in nemi kotu ta ayyana karayar arzikina. Wani kamfani kuma ya ce zai haɗe mini basussukan wuri guda. Wanne ya fi?

Akanta: Wa alaikumus salam. Malam, ka juya tsarin biyan. Ba wanda ya fi ɗaga murya ake fara biya ba, wanda rashin biyansa ya fi illa ake fara sallama. Haya, wuta, abinci, haraji da duk bashin da ke da jingina su ne a gaba, domin a nan ake rasa muhalli ko abin hawa. Katin bashi da manhaja ba su riƙe da kadararka, sai sun bi ta kotu.

Ɗauki takarda ka ja layi biyar: sunan mai bin bashi, uwar kuɗin da ta rage, kuɗin ruwa, biyan wata, da ko akwai jingina ko mai tsayawa. Kula da ruwan, nan ake yaudarar mutane. Kashi 3 a wata yana kama da ƙaramin abu, amma idan yana hawa kan kansa ya haura kashi 42 a shekara. Bayan ka cire larurar gida, abin da ya saura shi ne ainihin ƙarfinka. Da wannan adadin za ka rubuta wa kowannensu, ka nemi a dakatar da ruwa da tara, a tsawaita wa'adi. A rubuce, ba a waya ba.

Lauya: Ɗan'uwa, kada ka taɓa motar nan. Na farko, muddin ba ka gama biya ba, kamfanin yana da haƙƙi a kanta. Na biyu, wakilin da ake naɗawa don kula da dukiyar wanda aka ayyana karayar arzikinsa, aikinsa ne ya bi sawun abin da ka yi da dukiyarka kafin ka shigar da takarda. A Ingila yana iya komawa baya har shekara 5 kan kadarar da aka bayar kyauta ko aka sayar ƙasa da darajarta. A Amurka, idan ka fifita ɗan'uwa ka biya shi bashinsa cikin shekara 1 kafin shigar da ƙara, ana iya ƙwato kuɗin daga hannunsa. In aka ga alamar ɓoye dukiya, kotu na iya hana ka yafiyar bashin gaba ɗaya, ka tashi a tutar babu.

Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma salo biyu ne galibi. Ko a sayar da kadarar da doka ba ta kare ba a raba wa masu bin bashi a yafe sauran, ko a tsara maka biya daga albashi na wasu shekaru. A Amurka na farko shi ne Babi na 7 na dokar karayar arziki, yana ƙarewa cikin 'yan watanni amma yana zama a tarihin bashinka shekara 10. Na biyu Babi na 13 ne, shekara 3 zuwa 5. A Ingila yawanci ana sauke wa mutum basussukan bayan wata 12, sai dai ana iya ci gaba da cire wani abu daga abin da yake samu har shekara 3.

Kuma ba kowane bashi ke faɗuwa ba. Kuɗin ciyar da yara, tarar kotu da bashin da aka ci ta hanyar zamba suna nan daram. Abin da ya fi shafar ka: yafiyar taka ce kai kaɗai. Yayanka da ya sa hannu, banki zai juya kansa ya nemi duk abin da ya rage. Ka zauna da shi tun yanzu, kada ya ji a bakin banki.

Mai tambaya: Barista, wallahi ban san wannan ba. To batun haɗe bashin fa?

Mai ba da shawara kan bashi: Ka tambaye su abu uku: jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, kuɗin aikinsu, da ko suna neman jingina. Biyan wata yakan ragu ne saboda an ja wa'adin, jimilla kuwa ta ƙaru. Idan suka ce ka jinginar da wata kadara, sun mayar da bashin da ba shi da jingina ya zama mai jingina, an gudu ba a tsira ba. Wanda ya ce ka daina biyan kowa ka riƙa tura masa kuɗin, ko ya nemi lada kafin ya yi komai, rabu da shi: tara na taruwa, ƙara na iya riskar ka yana can yana "tattaunawa".

Idan wani ya yarda ya karɓi wani kaso ya yafe saura, kada ka tura ko sisi sai takarda ta zo da ke cewa wannan biyan ya rufe bashin baki ɗaya. Ba haka ba, a sayar da ragowar ga masu karɓar bashi su dawo maka.

Akanta: Ƙari kaɗan. Raba jimillar basussukan marasa jingina da abin da ke saura maka a wata. In amsar ta gaza wata 60, sulhu da masu bin bashi zai iya fitar da kai. In ta zarce haka da nisa, kai takardar nan mai layi biyar wurin lauyan da ya san dokar ƙasar da kake. Amma hayar wata biyun nan ita ce ta farko ranar da albashi ya shigo.