An ga alamar furotin a fitsarina, ko ciwon ƙoda ne?

Baban Zainab: Assalamu alaikum. A makon jiya an yi mini gwajin fitsari saboda takardun ɗaukar aiki, kuma ina azumi a ranar, da misalin ƙarfe uku na rana na ba da fitsarin. Takardar ta nuna babu sukari, babu jini, amma a gaban furotin an rubuta "trace", nauyin fitsarin kuma 1.030. Wanda ya miƙo mini takardar bai yi mini bayani ba, tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Malam, aikina ke nan a ɗakin gwaji. Fitsarin mai lafiya fatsi-fatsi ne garau, babu sukari, babu jini, nauyinsa kuma yana tsakanin 1.005 da 1.030. Naka yana bakin iyaka, abin da ke nuna cewa ruwa ya yi ƙaranci a jikinka, kuma idan fitsari ya yi kauri haka, tsinken gwajin yakan nuna ɗan furotin, wato abin da ake rubutawa "trace", ko da ƙoda lafiyarta ƙalau. Zazzaɓi da aikin ƙarfi ma suna jawo hakan. Ka maimaita da fitsarin farko na safe a ranar da ka sha ruwa sosai: ka wanke gabanka, ka bar na farkon ya zuba, ka tari na tsakiya a kwalbar da asibiti ya ba ka, ka kai kafin awa biyu. Ban da kwalbar magani da aka ɗauraye a gida, domin sau da yawa ita ke ɓata mana aiki.

Abu Hafsat: Na yarda da Hajiya, sai dai kada ka yi sakaci da maimaitawar, domin ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Idan furotin ya sake fitowa, ko kana ganin kumfa mai yawa a fitsari, ko ƙafafunka suna kumbura, musamman in kana da hawan jini ko ciwon sukari, ka nemi likita ya auna maka aikin ƙoda ta jini.

Baban Zainab: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mahaifinmu yana da hawan jini, don haka zan sa a auna mini jinin ma ranar Litinin idan na kai fitsarin.